Namka Gyal, Shekara Hamsin Ina Maka Ƙyashi

Ranar Talata, sha ɗaya ga wata na uku a lissafinmu, wadda ta zo daidai da takwas ga Afrilun 2025, Namka Gyal na kwarin Lungmar ya rasu yana da shekara sittin da uku. 'Yarsa Metok Kyi ce ta kira ni a waya da hantsi. Ta ce, "Aku Shawo," wato Kawu Shawo, "Baba ya tafi." Na tambaye ta ya tafi ina, domin na ɗauka tudu ya hau neman wata saniya. Kafin in rufe baki na gane, sai na nemi wuri na zauna.

Namka, da kai zan yi magana. Lama, malamin addininmu, ya ce har kwana arba'in da tara mamaci yana jin abin da ake faɗa masa, yau kuwa kwananka ashirin da shida. Akwai maganar da na kasa faɗa maka kana da rai, gara ka ji ta kafin ka yi nisa.

An ce mini da asuba ka fita, ka tarar wata saniya ta haihu cikin sanyi. Ka rungumo maraƙin zuwa gindin murhu, ka goge shi da tsumma har ya miƙe da ƙafarsa. Ka sha shayi kofi biyu, ka ce wa matarka Yangmo Tso kanka ya ɗan yi nauyi, bari ka kishingiɗa. Shi ke nan. Babu asibiti, babu allura, babu jinyar da ta gajiyar da kowa. Ni da nake haɗiyar ƙwaya huɗu kowace safiya, hawaye na zubo mini, amma can ƙasan zuciyata wani abu yana cewa: har mutuwar ma tasa ta fi kyau.

Haka kuma ranar da muka kai ka tudun ungulaye, inda bisa al'adarmu ake miƙa wa tsuntsaye gawa su cinye. Kowa ya san akwai gawar da ake wuni ana ƙona turare ana kiran tsuntsaye, suna shawagi suna ƙin sauka, dangi na sunkuyar da kai. Kai kuwa tun kafin hayaƙi ya tashi sosai suka rufe sama, suka sauko gaba ɗaya, ba su bar komai ba. Tsofaffi suna ta cewa ga alamar mutumin kirki. Ni ma na faɗa tare da su. Ina faɗa ina tambayar kaina, ranar tawa guda nawa za su zo.

Ka ga irin abokin da ka yi. Ƙyashi nake maka tun muna 'yan shekara goma sha uku, kuma na san ranar da abin ya fara.

A damina ce, shekarar da aka fara tura mu tonon yartsa a gangaren Kaka Dungkar, dutsen da iyayenmu ke ƙona wa turare. Mu kwanta rub-da-ciki muna rarrafe, muna neman ɗan baƙin tsinken nan da ke tsirowa daga kan matacciyar tsutsa, wanda masu magani ke nema ido rufe. Na wuni ina zare ido na samu huɗu. Kai ka cika ƙaramar jakarka. Da muka sauko na buɗe tawa, sai na ga goma sha biyar. Kai kuwa kana ta fito kana kallon gajimare. Ban gode maka ba a ranar, ban kuma gode maka ba har yau, domin kyautar ta fi rashin yi mini ciwo.

Ni aka kai makaranta, kai aka bari da shanu. Na yi shekara shida, na dawo ina karatu da rubutu cikin harshe biyu, daga baya aka ɗaura mini jan ƙyalle a hannu aka ce ni ne mai kula da makiyayar Lungmar. Tun daga nan ka sa mini suna Akawu. Ni ke riƙe da takardu, amma in ana son sanin ranar da za a tashi zuwa makiyayar damina, ƙofar tantinka ake zuwa. Ka tsugunna ka tsinki ciyawa ka tauna, ka dubi ƙanƙarar da ta rage a wuyan dutse, ka ce a ƙara kwana biyar. A ƙara. In saniya ta ƙi cin abinci, kai. In gida biyu sun yi faɗa a kan mashaya, kai. Ni sai an gama shawara a zo a ce in rubuta.

Sau ɗaya tak na ga na fi ka. Shekarar da aka raba makiyaya gida-gida, aka zuba ƙuri'a a cikin hula, hannuna ya ɗauko gangaren kudu, mai yartsa, mai fadama, da idon ruwan da rabin kwarin ke sha. Kai ka ɗauko tudun arewa, duwatsu da iska. Ka yi dariya ka ce ko ba komai hayaƙi ba zai dame ka ba. Ni kuwa kafin wata ya ƙare na zagaye rabona da waya, har da idon ruwan a ciki.

Ka zo ka same ni ina kafa turke na ƙarshe. Ka jingina da shi ka ce, "Akawu, shanun nan fa ba su yi makaranta ba. Ba su san takarda ta ce ruwan naka ne ba."

Na ce, "To ka koya musu, ai kai ne malaminsu."

Ka ce, "Bar mana ƙofa, ko da faɗin saniya ɗaya ne."

Na ce, "Tsari ne daga sama, ba ni ba ne."

Ka dube ni, ka san ni ne. Ba wanda ya ce a sa wa ruwa kwaɗo. Shekara bakwai Yangmo Tso tana kora yak ɗinku, shanun nan namu masu dogon gashi, zuwa rafin ƙasa, tafiyar rabin wuni, tana dawowa da tulu a baya. Ciwon ƙugun da take fama da shi yau, na san inda ta samo shi. A cikin shekarun nan bakwai babu sabuwar shekarar da ba ka aiko mini da curin man shanu ba, kamar yadda ubanka ke aika wa ubana.

Sai yartsa ta yi daraja. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce in ba shi gangarena na damina biyu, zai kawo ma'aikatansa. Ka ce mini kada in yi. Da wani ne ya faɗa da wataƙila na saurara, amma tun da daga bakinka ta fito, washegari na sa hannu. Ya kawo mutum sama da ɗari. Suka tona suka bar ramuka a buɗe, suka sare ƙananan itatuwan bakin fadama suka yi girki, suka yi wanki a idon ruwa. Na sayi babur da talabijin, na ɗinka wa matata riga mai bakin siliki. A damina ta uku gangaren ya koma baƙar ƙasa, ɓerayen daji suka huda shi ko'ina. Fadamar da ke riƙe ruwa kamar soso ta tsage ta bushe. Idon ruwan ya koma ɗigo, daga nan ya ɗauke. Gidajen ƙasa suka fara shan ruwan kududdufi, yara na gudawa. Tsofaffi suka ce ruhun da ke gadin ruwan ya yi fushi ya ƙaura. Ba wanda ya kira sunana a gabana, amma in na shiga taro sai hira ta tsaya.

A hunturun shekarar aka yi babbar ƙanƙara. Shanuna sun shiga sanyi a rame, ga waya ta tsare su a kwari inda ƙanƙarar ta kai ƙirji. Na tashi na tarar goma sha ɗaya sun sandare a jikin shingen da na kafa da hannuna. Ina tsaye na rasa abin yi, sai ga ka da rana tsaka, ƙanƙara har gemu, da almakashin waya a hannu. Ba ka yi sallama ba, ka hau yanka.

Na ce, "Kai, wa ya ba ka izini?"

Ka ce, "Ka rubuta ni a littafinka, Akawu. Amma ka fara kama mini wancan bijimin."

Ka kora ragowar zuwa tudunka na arewa, inda iskar nan da ka yi wa dariya ranar ƙuri'a ta share ƙanƙara ta bar busasshiyar ciyawa a fili. Suka ci tare da naka har bazara. Na sani naka ma sun rame saboda haka, biyu sun mutu. Ba ka taɓa ambata ba.

Da ƙasa ta narke ka dawo da iyalinka, kowa da kwandon taki a baya. Kun tsinko irin ciyawa daga tudu tun kaka kun ajiye a buhu. Rami bayan rami kuna cikewa, kuna yafa iri, kuna kora shanu su tattake shi. Na kawo gubar ɓera da aka raba mana, ka ce in mayar, domin in ɓera ya ci ya mutu, yanyawa da shaho za su ci shi su bi shi, sannan wa zai kama na baɗi. Maimakon haka ka kafa dogayen sanduna a gangaren don shaho ya sami wurin sauka. Na yi maka ba'a na ce ka gina wa tsuntsaye masauki. Kafin shekara biyu kowace sanda da mai ita. Ka dasa rassa a bakin fadama ka kewaye su da ƙaya. Ni ma na yi aikin, kada ka ce ban yi ba, amma kullum da jin haushin cewa a filina kake kuma kai ke faɗin abin da za a yi.

A damina ta huɗu ruwan ya dawo. Da farko danshi ne a gindin dutse, sai ya cika tafin hannu, sai ya fara gudu. Gida huɗu muka cire wayoyinmu muka haɗa kiwo. Aka yi ƙa'ida a bakinka: baƙo ba zai tona yartsa a nan ba, duk wanda ya tona ya mayar da ƙasa ya danne, saman gangaren da ke ciyar da ruwan ba a taɓa shi ko da wane hali. Yartsar da muke samu ta ragu a kan ta shekarun ɗan kasuwa, amma tana zuwa duk shekara, nono ya ƙaru, yara suka daina ciwon ciki. Mutane kuma suka fara kiran wurin Idon Namka. A filina, Namka. Sunana ne a takarda. Har jikata tana cewa za ta je Idon Namka ɗebo ruwa, in ji kamar an soka mini tsinke.

Ka tuna ɗalibar nan da ta zo daga jami'a da tulin takardu tana bin tantuna, tana tambayar abin da dutse da ciyawa da ruwa ke ƙara wa jin daɗin rayuwarmu? Ni na yi mata tafinta. Ta ce kowa ya ba jin daɗinsa maki daga ɗaya zuwa goma. Na gyara zama na ce bakwai, ta rubuta bakwai ta wuce. Da ta zo kanka ka ce ba ka iya lissafi ba. Ka ce in ka tashi da safe ka ji ƙarar ruwa, ka ga shanu sun kwanta suna tuƙa tun rana ba ta yi tsaka ba, ba mai tari a tanti, kuma babu gidan da kake kunyar shiga a kwarin nan, to ta rubuta duk lambar da ta ga dama. Ka ce ciyawar ba taka ba ce, aro ce daga Kaka Dungkar, kai mai gadi ne kawai da ake biya da nono. Yarinyar ta cika shafi uku, tana cewa in maimaita a hankali. Da bakina na juya mata maganarka, har ina gyara ta tana ƙara daɗi. A hanyar komawa ta ce mini ba ta taɓa ganin mutum irinka ba. Na ce mata ai ka iya surutu.

Da gwiwoyina suka gaza na koma sabbin gidajen bakin titi, na bar wa ɗana Tamdrin kiwo. Gida mai bulo, mai wutar lantarki, ruwa a famfo. Na yi zaton nan kam za ka yi sha'awa. Ka zo ka zagaya ɗakunan ka yaba da gaske, ka ce madalla, sannan ka tambaya ta wace taga ake ganin dutse. Babu. Tun daga ranar, duk saukowarka sai ka ɗauro jarka a bayan doki da ƙwaryar kindirmo, ka dire a ƙofata ka ce, "Ga ruwanka nan, Akawu, na kawo maka abinka." Kai kaɗai ne a kwarin nan kake kiransa nawa. Ko wannan ma sai da na ji haushinsa, don na ga ka fi ni girman zuciya.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba. Kwana goma sha biyu da tafiyarka wani ɗan kasuwa ya iso da mota. Ashe jira suke. Ya nemi saman gangaren, daidai inda ka hana, na damina uku, da mutanensa. Da yake sunana ne a takarda, wurina ya zo, ya ajiye buhun shayi da kwalaben giya. Abin da ya ambata zai sayi gida a birni. Tamdrin ya zauna a gabana ya ce, "Baba, 'ya'yana biyu suna makarantar kwana, matata na son a duba ta a babban asibiti. Aku Namka ya yi zamaninsa. Ciyawa za mu ci?" Ban ga laifinsa ba. Matasa da yawa suna bayansa, don an yi musu alkawarin rabo.

Aka kira taro shekaranjiya a zauren ƙauye. Wurin da kake zama kusa da murhu ba wanda ya zauna. Aka yi ta magana ana zagaye-zagaye, kowa na satar kallon wurin nan, kamar za ka shigo ka raba gardama. Ɗan kasuwan ya ce zamani ya canza, ma'aikatansa masu horo ne, za su cike kowane rami. Wani matashi ya ce ruwa ai daga sama yake zuwa, ba daga ciyawa ba.

Sai na miƙe da sandata. Ban shirya ba. Na ce musu ni ne mutumin da ya taɓa sayar da gangaren nan, duk wanda ya haura talatin ya san abin da ya biyo baya. Na faɗi komai da bakina, kwaɗon da na sa wa ruwa, yaran da suka yi ciwo, shanun da na tarar a jikin waya. Ban taɓa faɗar haka a gaban mutane ba. Na ce babur ɗin da na saya ya daɗe da zama tarkace, amma sai da aka yi damina huɗu ana ɗaukar taki a baya kafin ruwa ya yafe mana. Na juya wurin Tamdrin na ce in asibiti ne, a sayar da gidana na bakin titi in dawo tanti in mutu a can, amma muddin ina numfashi hannuna ba zai hau takardar nan ba. Na rantse da Taskoki Uku, mafi girman abin rantsuwa a addininmu, a kan haka. Na ce a mayar wa baƙo shayinsa.

Tamdrin ya tashi ya fita, har yau bai yi mini magana ba. Amma da aka ce a ɗaga hannu, masu ƙi suka rinjaya da gida shida. Na zauna, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce a raina yau dai Lungmar ta saurari Shawo Tar.

Ina cikin haka sai Ayi Drukmo, tsohuwar nan da ta haura tamanin, ta dakatar da gangar addu'ar da take juyawa, ta share hawaye, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kun ji ko? Namka ne ya yi magana. Bakin Akawu kawai ya ara."

Kowa ya gyaɗa kai. Wasu har da kuka. Abu ɗaya na kirki da na yi da kaina a shekara sittin da huɗu, shi ma aka ɗauka aka ba ka. Na fito ina tafasa, na kai bakin hanya, sai dariya ta kama ni, na yi ta yi ni kaɗai har ta koma kuka. Ban sani ba ko don dutse na yi abin da na yi, ko don in ji an yabe ni yadda ake yabonka. Saman gangaren dai ba za a taɓa shi bana ba.

Namka, na kunna maka fitilun man shanu a gidan ibada, zan kuma ci gaba har kwanakinka su cika. Mai Tausayi ya riƙe hannunka a wannan hanya da kake kai. Kada ka ji tsoron abin da za ka gani, kada ka waiwayo saboda shanu ko saboda mu. Alherin da ka yi wa mutane da dabbobi da tsuntsaye ya yi maka jagora zuwa haihuwa mai kyau, a cikin mutane, a inda ake jin koyarwa. In akwai nauyin da ka ɗauka saboda ni, na roƙa a sauke maka shi a ɗora mini. Ka yafe mini. In an sake haihuwarka a kwarin nan, ina roƙon a ajiye ni kusa da kai, ko da zan sake shekara hamsin ina cizon yatsa.

Yangmo Tso, ina miƙa miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki a gaban duk wanda zai karanta wannan. Metok Kyi, ke da mijinki da 'ya'yanku, da ƙannen marigayi da ke kwarin gaba, da dukan gidajen Lungmar na tudu da na bakin titi, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Mu sami haƙurin rashinsa, mu sami ƙarfin riƙe abin da ya bar mana.

Shawo Tar,
Lungmar.